Alwalar da Ta Ƙi Karyewa

Masu dubiya sun ɗauke ƙafa, wankin zannuwan asibiti ya ƙare, sai yanzu na samu na zauna in rubuta abin da ya same mu. Na gaji da maimaita labarin da baki. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Wai me ya faru ne?" In faro daga farko, kafin in kai tsakiya ta katse ni da labarin ƙanin mijinta da aka yi wa jifa a ciki. To ga shi nan a rubuce. Mai so ya karanta, wataƙila ya tsira da hanjinsa cikakke, ba kamar maigidana ba.

Maigidana, wanda nake kira Baban Ummi, yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Aikinsa jan jiƙaƙƙun fatu daga cikin manyan ganguna zuwa wurin matsewa, kuma duk wankan da zai yi kafin ya taso sai ya shigo mana da warin. Muna haya a Sharada, ciki da falo, banɗaki ɗaya a tsakar gida da muke haɗawa da maƙwabta. Mutum ne mai kunya har abin ya yi yawa. Shekara goma muna tare, amma har yau idan zai sauya riga sai ya juya mini baya.

Lokacin da abin ya faro ina jego, na haifi na ukunmu. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga ƙauyenmu wajen Gumel don ta yi mini wanka. Tun ranar da ta sauka Baban Ummi ya koma baƙo a gidansa. Ba ya cin abinci a gabanta, gaisuwa kuma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi. Babba a ciki, ya daina ɗaukar buta a gidan. Inna kullum tana tsakar gida wajen tukunyar ruwan wanka, hanyar banɗaki kuma ta gabanta take, shi kuwa gara ya taka har masallacin layinmu da a ce surukarsa ta gan shi ya nufi can. Na yi ta yi masa tsiya a kan haka. Abin da ya jawo shi ne, a gidan nan babu wanda ya san ko yana zagayawa ko ba ya yi.

Makon farko ciwon zuwa yake ya tafi. Zai dawo daga aiki yana hira, sai murɗa ta kama shi ya dunƙule ya yi shiru, can ta sake shi ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya. Abokan aikinsa suka ce kemikal ɗin fata ne ya taru masa, ya riƙa shan madara. Mai kemis na bakin titi ya ce taifot ne, bai ko taɓa cikin ba ya soma zuba masa allurai. Maƙwabciyarmu ta ce basir ne na ciki. Inna ta ce duk ba su sani ba, shawara ce, ta jiƙa saiwoyinta da kanwa ta miƙa mini in kai masa. Ya shanye tas. Ko guba Inna ta aiko ba zai iya mayar da kofin da saura ba.

Yana da wani tsohon tabo a ƙasan cikinsa ta dama, na aikin afendis da aka yi masa tun yana saurayi. Duk cikinmu babu wanda ya tuna da shi.

Mako na biyu amai ya shigo. Da farko abin da ya ci ne ke dawowa, daga baya ya koma wani ruwa kore mai ɗaci. Cikin ya tasa har maɓallin wandon aikinsa ya ƙi kamawa. Inna ta leƙa roba ta ga koren nan ta ce ai ga shawarar nan tana fita, a bar ta ta fita. Ta ƙara masa da maganin wankin ciki. Babu abin da ya wanku, sai murɗar da ta ninka.

Ranar da ya kasa zuwa aiki, abokinsa Nasiru mai adaidaita sahu ya zo ya ce sai an je asibiti. Akwai wani ƙaramin asibiti kusa da mu da kamfani ke tura ma'aikatansa. Na ɗauko hijabi, Inna ta ce ba ta taɓa ganin mai jegon da ta fita kafin arba'in ba, ba kuma a kaina za ta fara gani ba. Ta yafa mayafinta ta bi su. Har ɗakin likita ta shiga, don a cewarta idan aka bar shi shi kaɗai zai ɓoye rabin ciwon. A nan ta yi gaskiya, sai dai ba ta san da ita a ɗakin duka zai ɓoye ba.

Ban ga laifin likitan nan ba. Nasiru, wanda ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce mutumin ya yi tambayar da ta dace.

"Malam, kana bahaya? Iska tana fita?"

Baban Ummi ya sunkuyar da kai. Inna tana zaune a bayansa, har yana jin motsin carbinta.

"Ba laifi," in ji shi.

"Ba laifi kamar yaya?"

"Da sauƙi, likita."

Aka rubuta masa magunguna, aka ce idan bahaya ya tsaya ko amai ya ci gaba ya wuce babban asibiti a yi masa hoto. Alhali bahaya ya riga ya tsaya tun kwanaki, iska ma ranar ko sau ɗaya ba ta fita ba. Daga baya da na tambaye shi, sai ya ce, "Haba Uwani, ta yaya zan buɗe baki in faɗi wannan magana Inna tana bayana?"

Washegari ciwon ya sauya hali. Da hantsi ya daina zuwa yana tafiya, ya zo ya zauna wuri guda kusa da cibiya. Baban Ummi ya daina juye-juye, ya kwanta a tabarmar falo ya yi lamo, don ko motsi ya yi sai ya ji kamar ana tsaga shi. Mu kuwa da muka ga mutum ya daina birgima sai muka ce sauƙi ya samu. Har na ci abinci da daɗin rai ranar.

Da Azahar na ce in kawo masa ruwa da roba ya yi alwala a nan inda yake. Ya ce, "Bar shi, ina da alwala." Ya yi salla a zaune. La'asar ma haka, Magariba haka. Isha'i a kwance ya yi ta, da alwalar da ya ɗaura tun Asuba. Inna ta ji daɗin abin ƙwarai. Ina jin ta a tsakar gida tana gaya wa maƙwabciyarmu, "Kin ga mutumin kirki. Ciwo ya kayar da shi, amma salla biyar da alwala ɗaya. Samarin yanzu ko da lafiyarsu ba sa iyawa."

Da gari ya waye jikinsa ya yi zafi rau, leɓensa ya bushe ya tsage, idanunsa sun faɗa. Ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa da sauri. Na ɗora hannu a cikinsa in ji, sai ya damƙe mini hannu da ƙarfin da bai taɓa riƙe ni da shi ba. Cikin ya yi tauri kamar an ɗaure buhu. A nan tsoro ya shige ni na gaske, na ga mutumin nan zai iya mutuwa a kan tabarmar nan yana ce mana da sauƙi. Na goya jariri na zura hijabi.

"Ina za ki da ɗanyen jiki?" in ji Inna.

"Inna, ku yi haƙuri, yau kam sai na fita."

Ta dube ni, ta dube shi, ta jawo mayafinta ta biyo mu.

Wanda ya san hanyoyin Sharada ya san abin da tireloli suka yi musu. Nasiru yana ta kauce-kauce, amma duk ramin da muka faɗa sai Baban Ummi ya yi nishi ya cije leɓe. A babban asibiti muka tarar da layin yankar kati har waje. Wata nas da ke tantance masu shiga ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Ta nuna mana benci. Ban san wanda ya koya mana wannan amsa ba. Bahaushe ko ana karanta masa kalmar shahada, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. A wajen dubiya ladabi ne. A bakin ƙofar likita kuwa, ƙarshen layi take kai mutum.

Muka zauna har aka kira Azahar. Jariri yana kuka, ni ga jiri, ga zafi, ga wani mai gadi da ke ta ce mini ba a shigowa nan da goyo. Abin da ya fitar da mu daga layin wani amai ne da ya zo masa, ruwan ƙasa-ƙasa mai wari irin na abin da ya kamata ya bi ta ƙasa. Nas ɗin nan dai ita ta gani, fuskarta ta sauya, ta jawo keken marasa lafiya da kanta ta tura shi ciki. Na yi fushi da ita da safe, yanzu kuma ina sa ta a addu'a.

Likitar da ta duba shi mace ce, dattijuwa, mai tabarau, daga maganarta ka san 'yar cikin gari ce. Ta ɗaga rigarsa ta tsaya a kan tabon nan. Ta sa abin saurare a cikinsa ta daɗe tana ji, sannan ta danna a hankali ta saki, sai ya yi ƙara. Ban taɓa jin ƙararsa ba sai ranar.

"Malam, iska tana fita?"

Idonsa ya tafi wajen Inna, ya dawo ƙasa. Likita ta bi idon nan da kallo.

"Mama mahaifiyarka ce?"

"Tawa ce," na ce.

"To." Ta gyara tabarau. "Malam, jiya sau nawa ka yi alwala?"

Kafin ya motsa baki Inna ta karɓe. "Ai likita, wannan bawan Allah da alwalar Asuba ya yi Isha'i. A gabana aka yi." Har da ɗaga yatsa, tana jiran a taya ta yabo.

Likita ta ajiye biro. "Ko fitsari bai karya ta ba?" Ya girgiza kai. "Yaushe ciwon ya daina zuwa yana tafiya?"

"Jiya da hantsi," na ce.

Abin da ta faɗa mana ya zauna mini daram, ko a barci aka tashe ni zan maimaita. Ta ce, "Ciwon da ke murɗawa ya saki, hanji ne yake kokawa da abin da ya tare masa hanya. Wanda ya zo ya zauna, hanjin ne aka shaƙe, jini ya daina isa gare shi. Shirun nan da kuka ɗauka sauƙi ne, shi ne abin tsoro." Ta ce tsohon aikin da aka yi masa ya bar wani abu kamar zare a ciki, shi ne da alama ya zarge ƙaramin hanji. Hanya ta toshe, ba abinci, ba iska. Ta ce yau za a shiga da shi tiyata, ba gobe ba.

Daga nan sai guje-guje. Roba ta hanci, ƙarin ruwa, hoto, gwajin jini. A ce je ki sayo wannan, ki dawo a ce ba irinsa ba ne. Kayan ɗakina da suka tafi a wannan jinya ba zan lissafa ba, sun tafi. Wansa direban tirela ne a Dakata, ya kira daga hanyar Legas ya ce kada a kuskura a yanka masa ƙane sai ya iso. Aka kara wa Baban Ummi waya a kunne, ya saurara, sannan ya dubi likita ya ce, "A yi." Ana neman jini, sai ga abokan aikinsa da suka tashi aikin safe sun iso da warin fatarsu, suna naɗe hannun riga. Warin da na shekara goma ina ƙorafi a kansa, ranar bai dame ni ba. Allah ya saka musu, su da Nasiru.

Bayan Magariba likita ta fito ta kira mu. Ta ce sun tarar wani yanki na hanjin ya riga ya mutu ya yi baƙi, sun yanke kusan kamu ɗaya sun haɗa sauran. "Da kun zo shekaranjiya da cikakken bayani, zaren kawai za mu tsinke. Da kun kai gobe kuwa, ba na son in faɗa." Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma ba ta dubi kowa ba. Inna ta fita ta zauna a ƙasa gindin wata darbejiya. Can ta ce, "Ashe hanjin yaron nan ne ke mutuwa, ni kuwa ina yabo."

Na ɗauka fitowa daga tiyata shi ne ƙarshen wahala, ashe a nan jinya ke farawa. An hana shi ko kurɓin ruwa sai hanjin ya farka, alamar farkawar kuma ita ce dai wannan iska. Bari in kira ta da sunanta tun da kunyarta ce ta kai mu nan: tusa. Kullum da safe nas za ta tsaya a kan gadonsa, a ɗakin maza cike da mutane, ta ce, "Malam, ka yi tusa?" Shi kuma ya ja zane ya rufe fuska.

Ba a shiga ɗakin da jariri, don haka ni da Inna muke karɓa-karɓa. Idan ina waje ina ba da nono, ita ke zaune gefen gadonsa. Wankan jego tuni aka manta da shi. Tabarmarmu tana baranda cikin na sauran masu jinya, sauro ya yi mana rijista, ruwan wanke kwano ma sai an saya. Ƙafafuna suka kumbura, nono ya ja baya, manyan yaran suna hannun maƙwabciya ban san me suke ci ba. Akwai ranar da na tsaya riƙe da kwanon fitsarinsa na manta inda zan kai shi. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya magani.

Kwanaki suka wuce shiru. Likita ta fara daɗewa a kan cikinsa, har ta ce idan aka ƙara ɗaukar lokaci ba motsi, dole su sake dubawa ko ɗinkin cikin ya samu matsala. Sake buɗe shi ke nan, mutumin da ya koma ƙashi da fata. Ranar ya jawo ni ya raɗa mini cewa tun jiya cikinsa yake ƙugi, yana jin abin yana tahowa, amma duk lokacin sai a yi dace Inna ce a wurin, sai ya matse. Na rasa abin da zan yi, kuka ko duka. Na ce, "Baban Ummi, an yanke maka kamu ɗaya, sauran ma so kake a kwashe?" Ya ce shi ma ba da gangan yake yi ba, jikinsa ne ke ƙi.

Ban gaya wa Inna ba, don ni ma ban san ta inda zan fara ba. Amma Inna ba yarinya ba ce. Washegari da hantsi na ba wata mai jinya riƙon jariri na shiga. Tana zaune da carbinta, shi kuma ya haɗa gumi, ya ƙanƙame ƙarfen gado, fuskarsa a murtuke. Na yi niyyar in ce ta je ta sha iska a waje. Ba ta ba ni dama ba. Ta kafa wa bango ido, don har yau ba ta yi masa magana kai tsaye, ta ce, "Uwani, gaya wa mijinki ni kurma ce. Tun da na zo garin nan kunnena ya toshe, ko tirela ta wuce ba na ji."

Sai abin ya zo, doguwa, ba ta ɓoyuwa. Wani tsoho da ke gadon kusa ya ce, "Barka, Malam." Baban Ummi ya rufe kansa ruf da zane. Ni kuwa na zauna a bakin gadon hawaye yana zuba, ban taɓa tsammanin akwai ranar da wannan ƙara za ta sa ni kukan daɗi ba. Inna ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen carbinta. Sannan ta tashi ta ɗauki buta ta fita, ta ciko ta da ruwa, ta dire a gefen gadonsa, ta koma mazauninta.

Bayan nan ma mun daɗe. Ɗinkin waje ya yi ruwa, aka yi ta wanke shi har muka haddace sunayen masu shara. Yanzu yana gida, yana cin abinci kaɗan-kaɗan, abu kaɗan ke ɓata masa ciki. An hana shi ɗaukar nauyi, fatu kuwa ba su da wani suna sai nauyi. Kamfani ya ce idan ya warware za a duba masa wani wurin, muna nan muna jiran dubawar. Mun gode wa Allah da ya bar mana shi, amma ba zan yi ƙarya in ce raina ba ya ɓaci idan na tuna amsa ɗaya a ƙaramin asibitin nan da ta isa.

Don haka mai karatu, idan naka yana murɗar ciki da amai, ciki ya kumbura, ba bahaya ba iska, musamman in an taɓa yi masa aiki a ciki, ajiye jiƙo da maganin wankin ciki ku tafi babban asibiti. Idan ciwon ya daina zuwa yana tafiya ya zauna wuri guda, kada ku jira gobe. A ɗakin likita kuma a bar surukai a waje, a ajiye "da sauƙi" a bakin ƙofa tare da takalmi. Allah ya tashi kafaɗun waɗanda muka baro a kwance, ya ba masu jinyarsu ƙarfin baya.

Inna ta koma ƙauye. Duk Juma'a takan ari wayar ƙanina ta kira ni. Har yanzu ba ta yarda a ba ta shi su gaisa, har yanzu ba ta kama sunansa. Ta tambayi jariri, ta tambayi su Ummi, ta yi ƙorafin tsadar gero. Sai za ta kashe wayar, ta sassauta murya ta ce, "Uwani, mijin naki dai yana sake alwala ko?"